Neman Shawara Ta Waya A Lokacin Damuwa Da Rashi

A cikin rangadin makarantu da mu kan yi, akwai wani abu da mu kan tarar wanda ba shi da gurbi a takardar rahoto. Takarda tana da wurin rubuta yawan yara, da halin da gini ya ke ciki, da ko malami ya shirya darasinsa ko bai shirya ba. Amma ba ta da wurin da za a rubuta cewa malamin nan ya fi wata uku rabonsa da barcin kirki.

Akwai wani malami da muka sani, ba za mu ambaci sunansa ko garinsu ba. Ya yi shekara 16 yana koyar da lissafi, ba a taɓa kawo kukansa ba. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ta bar masa 'ya'ya huɗu. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, jama'a suka watse, kowa ya kama gabansa. Ba a jima ba aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye inda bai san kowa ba, ya bar yaran wurin kakarsu. Da muka isa makarantar bayan wata bakwai, sai muka ga mutum ya rame, riga ta yi masa yawa, littafin shirin darasi kuwa fari fat tun farkon zango. Hedimasta ya riga ya rubuta takardar ƙara, yana cewa lalaci ne da raina aiki.

Da aka tashi tara, muka ja malamin gefe ƙarƙashin wata darbejiya, muka ce, "Malam, mun san ka ba yau ba. Me ya same ka?" Ya yi shiru har muka zaci ba zai amsa ba, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, an auna ni a asibiti sau uku, an ce ba ni da ciwon kome. Sai dai in dare ya yi gabana ya yi ta faɗuwa har asuba, in na tsaya gaban allo kuma sai in ji kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya."

Irin wannan malami suna nan a ofisoshi da makarantu, kuma sau da yawa takardar gargaɗi ce ke fara isa gare su kafin taimako. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wa 'yan'uwanmu malamai da akawuna bayanin wata hanya da zamani ya kawo, watau mutum ya sami masanin halayyar ɗan Adam ya riƙa tattaunawa da shi ta wayar hannu ko ta kwamfuta, ba sai ya yi tattaki zuwa asibiti ba.

Fargaba, Jimami Da Sauyin Rayuwa

Fargaba halitta ce, kowa da tasa. Ɗalibi ya kan ji ta ranar jarrabawa, akawu ya kan ji ta in an ce masu binciken kuɗi suna tafe. Wannan ba ciwo ba ne, gama da zarar abin ya wuce ita ma ta wuce. Wadda likitoci ke kira cuta ita ce wadda ta zauna wa mutum wata da watanni, ta fi ƙarfin dalilinta, har ta hana shi barci da aiki da shiga jama'a. Galibi a jiki ta ke fara bayyana: bugun zuciya, gumi, ƙuncin ƙirji, rawar hannu, murɗar ciki, jiri. Don haka mai ita ya kan yi ta zarya asibiti, ya sha maganin zazzaɓin sauro da na taifot har ya gaji, ciwo na nan daram.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a duniya, miliyan 280 kuma da ciwon damuwa mai tsanani, wanda ke sa mutum ya daina jin daɗin kome, ya yanke ƙauna. Ta ce cikin kowane mutum huɗu masu cutar fargaba, kamar ɗaya ne kurum ke samun magani. A cikin watan Maris na 2022 kuma ta ba da rahoto cewa a shekarar farko ta annobar korona cututtukan nan biyu sun ƙaru da kimanin kashi 25 cikin 100.

Jimamin rashi kuwa hakkin zuciya ne. Wanda ya binne uwa ko ɗa ko abokin zama ya yi kuka, ya kasa cin abinci, ba wanda zai ce masa marar lafiya. Mafi yawan mutane su kan warware a hankali, da taimakon dangi da addu'a da wucewar kwanaki. Amma akwai 'yan kaɗan da jimaminsu ba ya sassautawa. Kullum kamar jiya aka yi mutuwar, tunanin mamaci ya cika musu yini, su kasa komawa ga aiki ko kula da waɗanda suka rage. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya fara aiki a 2022, ya sa irin wannan doguwar juyayi cikin jerin abubuwan da a ke yi wa magani. Sharaɗinsa shi ne abin ya kai aƙalla wata shida, ya kuma zarce abin da al'ada da addinin mutanen wurin suka saba da shi. Wannan sharaɗi na biyu abin lura ne, domin macen da ke takabar wata huɗu da kwana goma tana kan abin da aka ɗora mata ne, ba za a lissafa zamanta cikin ciwo ba.

Na uku shi ne sauyin rayuwa. A shekarar 1967 waɗansu likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera al'amura 43 da kan sami mutum, suka ba kowane maki gwargwadon nauyinsa. Mutuwar miji ko mata ita ce a sama da maki 100, sakin aure 73, yin aure 50, kora daga aiki 47, ritaya 45, sauya mazauni 20. Suka nuna cewa in makin mutum ya taru da yawa cikin shekara ɗaya, ya fi zama kusa da kamuwa da rashin lafiya. A kan mutanen Amurka aka yi awon, don haka ba lalle nauyin kowane abu ya zo daidai da namu ba. Duk da haka darasin a fili ya ke. Ko abin farin ciki kamar aure kaya ne ga zuciya, balle a haɗa wa mutum mutuwar mata da rabuwa da 'ya'ya da baƙon gari cikin 'yan watanni, kamar yadda ya faru ga malaminmu.

Masu Magani Sun Yi Kaɗan

To, in mutum ya gane halin da ya ke ciki, wurin wa zai je? Nijeriya tana da mutum fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu kuma a manyan birane. A Arewa akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Malamin ƙauye da ke nesa da waɗannan wurare sai ya nemi izini, ya biya kuɗin mota, ya kwana a hanya. Ko da yana da halin haka, akwai abin da ya fi nisa tsare shi, watau tsoron kada a gan shi a ƙofar asibitin a ce ya taɓu. Wannan kalma in ta manne wa mutum, ta kan bi shi har wajen neman aure ga 'ya'yansa.

Dokar da muka gada ma ta taimaka wa tsoron. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, tsare marar lafiya ta sa gaba, ba warkar da shi ba. Sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta amince da haƙƙin marar lafiya da mutuncinsa. Amma tun kafin wannan, ƙasar nan ta taɓa koya wa duniya wani abu. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda ya saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane tare da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa shan magani da rana suna komawa cikin jama'a. Ya fahimci cewa mai ciwon zuciya ya fi saurin warkewa in ba a raba shi da mutane ba. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Shawara ta waya tana kan wannan turba, gama ita ma taimako ta ke kai wa mutum inda ya ke zaune.

Asalin Abin

Taimako daga nesa ya girmi intanet. A ranar 2 ga Nuwamba, 1953, wani limamin Kirista a birnin Landan mai suna Chad Varah ya sa wayar tarho a majami'arsa, ya yi shela cewa duk wanda duniya ta yi wa zafi har yana tunanin kashe kansa ya buga. Mutane suka yi ta zuwa har suka fi ƙarfinsa, sai waɗansu 'yan sa kai suka riƙa zama da masu jiran layi, suna ba su shayi suna saurarensu. Can sai ya lura da yawa daga cikin masu jiran su kan tashi su tafi ba su gan shi ba, saboda sauraren da aka yi musu ya ishe su. Daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali, tana nan har yau tana amsa waya dare da rana a Ingila da Ailan.

A Amurka kuma, a 1959, wata cibiyar likitocin ƙwaƙwalwa a Jihar Nebraska ta fara amfani da talabijin mai kai hoto da murya ta ɓangare biyu. A 1964 aka haɗa ta da wani asibiti a garin Norfolk, tafiyar mil 112, likita na Omaha yana ganin marar lafiya suna magana. Da intanet ta yaɗu a shekarun 1990, sai masana a ƙasashe irin su Suwidin da Ostareliya da Holan suka shiga tsara darussan magani waɗanda mutum zai bi a kwamfuta, masani yana duba aikinsa yana ba shi amsa. Amma annobar korona ce ta 2020 ta mai da abin ruwan dare, sa'ad da aka kulle garuruwa, masu ba da shawara da masu nema duka suka koma waya ala tilas. A nan gida wayar salula ta shigo a 2001, yau kuwa da wuya a sami malami ko akawu da ba shi da ita a aljihu.

Yadda A Ke Yi

Hanya huɗu ce aka fi bi. Akwai ganawa ta bidiyo, inda a ke ganin juna. Akwai magana ta murya kawai. Akwai musayar saƙo a rubuce. Akwai kuma darussan da aka tsara cikin manhaja, mutum ya bi da kansa, mai taimako yana tuntuɓarsa mako mako. Galibi a kan gana sau ɗaya a mako, kamar minti 45 zuwa 50, har tsawon mako shida zuwa goma sha biyu, wani lokaci fiye. A zaman farko mai shawara zai yi tambaya a kan barci da cin abinci da aiki da iyali, da magungunan da mutum ke sha, zai kuma tambaya kai tsaye ko tunanin cutar da kai ya taɓa zuwa. Ya wajaba a faɗi gaskiya, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Kada a zaci hira ce kurum irin ta dandali. Dabarar da aka fi amfani da ita ta samo asali ne daga aikin wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, a shekarun 1960. Ya lura cewa abin da ke wahal da mai damuwa sau da yawa shi ne fassarar da zuciyarsa ke yi wa al'amura cikin gaggawa, ba tare da ya auna ta ba. Ga misali. Akawu ya gai da shugabansa da safe, shugaba ya wuce bai amsa ba. Nan take zuciya ta ce masa, shi ke nan, an gano kuskure a littafinka, kora ce ke tafe. Ya yini cikin zullumi, ya kwana ido biyu, gobe ya zo a gajiye ya yi kuskuren gaske. Mai shawara zai sa shi ya ɗauki takarda ya ja layi uku: abin da ya faru, abin da zuciya ta ce, sa'an nan hujjojin da ke goyon bayan maganar zuciya da waɗanda ke ƙaryata ta. Aiki ne irin na daidaita littafin kuɗi, shiga a gefe fita a gefe, kuma akawu ya fi kowa sanin cewa ba a yarda da jimla sai an bi lissafi. In mutum ya yi ta yin haka mako bayan mako, ya kan koyi kama tunanin tun bai yi girma ba.

Ana kuma koyar da jan numfashi a hankali sa'ad da gaba ke faɗuwa, da tsara lokacin kwanciya, da komawa ga ayyukan da mutum ya yi watsi da su ɗaya bayan ɗaya, ko da bai ji sha'awa ba tukuna. Ga mai jimami, a kan ba shi fili ya yi maganar mamaci, ya ba da labarin ranar da abin ya faru, ya faɗi abin da ya ke zargin kansa da shi, sa'an nan a taimake shi ya koma wuraren da ya ke gudu, kamar ɗakin marigayiya ko gidan surukai. Mai shawara wanda ba likita ba ne ba ya rubuta magani. In ya ga ana bukatar ƙwaya, sai ya tura mutum wurin likita.

Ko Yana Aiki?

Malami ba ya karɓar amsa sai ya ga yadda aka yi lissafi, don haka ga abin da bincike ya nuna. A 2018 wasu masana, Per Carlbring da Gerhard Andersson na Suwidin da abokan aikinsu, suka tattara gwaje-gwaje 20 da aka yi a kan mutum 1,418, inda aka kwatanta magani ta intanet mai jagora da magani ido da ido. Suka tarar sakamakon ya zo kusan daidai. Kalmar "mai jagora" ita ce abin riƙewa, gama an sha ganin cewa mutanen da aka bari su kaɗai da manhaja, ba mai tuntuɓarsu, da yawa su kan yar da abin tun ba a je ko'ina ba.

A Lebanon, Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiya ta ƙasar sun gwada wani shiri na waya mai darasi biyar, wanda aka tsara kamar labari da hotuna. Kowane mako wani mai taimako da aka horar, wanda ba likita ba ne, ya kan tuntuɓi mutum na kamar minti 15. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna damuwa ta ragu ga 'yan gudun hijirar Siriya da 'yan ƙasar da suka bi shirin.

Na kusa da mu shi ne na Zimbabuwe. Can wani likitan ƙwaƙwalwa, Dokta Dixon Chibanda, ya ga likitoci ba za su taɓa isa ba, sai ya horar da tsofaffin mata, aka kafa musu benci a harabar ƙananan asibitocin birnin Harare. Mai damuwa ya zo ya zauna da kaka, su zaɓi matsala ɗaya su warware, har zama shida. A harshen Shona suna kiran ciwon kufungisisa, ma'anarsa yawan tunani, daidai yadda mu ma mu ke cewa. A gwajin da aka buga a 2016, wanda ya ƙunshi mutum 573, bayan wata shida kashi 14 cikin 100 ne na waɗanda suka zauna a benci ke da sauran alamun damuwa mai tsanani, alhali cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kashi 50 ne. Da korona ta zo, sai aka riƙa yin zaman ta waya da WhatsApp.

Inda Ya Dace Da Mu

Mu mutane ne masu kunya da kara, kuma muna da tsarin ta'aziyya da ƙasashe da yawa ba su da irinsa. Gidan mutuwa ba ya zama babu mutane, maƙwabta su kawo abinci, dangi su zo daga nesa. Sai dai tsarin nan yana da iyaka ta kwanaki, jimami kuwa ba ya duba kalanda. Bayan arba'in, wanda ya sake ta da maganar sai a ce masa ya yi haƙuri, wani ma ya ce ya cika raki. Namiji ba ya kuka gaban mutane. Uwar da ta rasa ɗan fari, wanda tun yana raye ba ta kiran sunansa saboda alkunya, ita ce a ke sa ran za ta fi kowa daurewa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne, amma abin da aka haɗiye aka rasa wanda za a gaya wa, ya kan fito ta hawan jini ko rashin barci.

A nan waya ke da amfani. Mutum zai iya faɗa wa baƙon da ba ya ganin fuskarsa abin da ba zai iya faɗa wa wansa ba. Mace mai takaba ko wadda ba ta fita za ta iya samun mace 'yar'uwarta masaniya tana daga ɗakinta. Malamin da aka jefa ƙauye mai nisa, da dattijon da ya yi ritaya ya wayi gari ba ofis ba masu gaisuwa, ga jiran fansho, duka hanya a buɗe ta ke gare su. Neman wannan taimako kuma bai saɓa wa haƙuri da dogara ga Allah ba. Wanda ya karye ya kan yi addu'a, ya kuma je wurin maɗori, ba wanda ya taɓa cewa imaninsa ya yi rauni.

Inda Za A Yi Hattara

Abu na farko shi ne sirri. Magana zarar bunu ce, wadda aka rubuta a kwamfuta kuwa ta fi wuyar mayarwa. A 2020 aka gano cewa wani ɓarawon intanet ya sace bayanan dubun dubatar marasa lafiya daga wani kamfanin ba da shawara na ƙasar Finlan mai suna Vastaamo, har da abin da suka faɗa a asirce, ya riƙa aika musu da saƙo cewa su biya kuɗi ko ya tona. Kamfanin ya rushe, a 2024 kuma aka ɗaure ɓarawon shekara shida da wata uku. A Amurka, a 2023, hukumar kula da cinikayya ta zargi kamfanin BetterHelp da miƙa bayanan masu neman shawara ga Facebook da waɗansu kamfanoni don talla, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 7.8. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba ta ɗauke wa mutum yin tambaya. A tambayi mai shawara ina ya ke ajiye abin da aka faɗa, wa ke iya gani. A sa wa waya makulli, kada kuma a yi irin wannan magana da wayar ofis ko wadda yara ke wasa da ita.

Na biyu, a san wanda a ke magana da shi. Kowa na iya sa farar riga ya ɗauki hoto ya kira kansa masani. A tambayi inda ya yi karatu da asibitin da ya ke aiki. In ya ce likita ne, Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya tana da rajistar masu izini. Hanya mafi aminci ita ce a nemi likitan asibitin da aka sani ya haɗa mutum da wanda ya yarda da shi. Wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana uku, ko ya nemi kuɗi mai yawa tun ba a fara ba, ko ya fara sakin baki ga mace, a rabu da shi.

Na uku, manhajojin nan masu hira kamar mutum. Tun a 1966 wani masani a Amurka, Joseph Weizenbaum, ya ƙera wata mai suna ELIZA, wadda ba abin da ta ke yi sai juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya. Duk da haka sakatariyarsa, wadda ta san na'ura ce, ta roƙe shi ya fita ɗakin don ta yi magana da ita a keɓe. Na yau sun fi ELIZA iya zance nesa ba kusa ba, suna kuma iya taimaka wa mutum ya fahimci wani bayani, amma su kan yi kuskure da cikakkiyar murya, kuma ba su da ƙafar da za su zo gidanka ran da abu ya ɓaci.

Na huɗu, akwai halin da waya ba ta isa ba. Wanda ke tunanin kashe kansa, ko ya fara jin muryoyi, ko ya daina ci da sha, ko hankalinsa ya rikice, a kai shi asibiti a ranar, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Haka nan bugun zuciya da rama suna iya zama ciwon zuciya na jiki ko na maƙoƙo, don haka a fara da awon likita. A guji sayen ƙwayar barci a kemis ba da takarda ba. Ta wannan ƙofa mutane da yawa suka faɗa shaye-shaye, har ta kai gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Ga kuma kuɗin data da na masani, da raunin sabis a ƙauye, da ƙarancin masana masu jin Hausa. In bidiyo ya gagara, murya kaɗai ma tana wadatarwa.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Malamin nan namu, da muka dawo hedkwata muka roƙi a dakatar da takardar ƙarar. Wani likita da muka sani ya duba shi, ya haɗa shi da wata masaniyar halayyar ɗan Adam a babban birnin jiha. Kowace Asabar da hantsi ya kan hau kekensa zuwa wani tudu a bayan gari inda sabis ke kamawa, ya zauna su yi magana. Ya gaya mana daga baya cewa sai a zama na huɗu ya iya furta abin da ke cinsa, watau ya yi jinkirin neman mota a daren da matarsa ke naƙuda, yana ganin shi ya kashe ta. Wata tara yana ɗauke da wannan magana, bai gaya wa ko mahaifiyarsa ba. Sun yi zama goma sha biyu. Ba mu ce ya manta ba, har yanzu in an ambaci marigayiya idonsa ya kan kawo ruwa. Amma yana barci, ya ɗauko 'ya'yansa biyu suna tare da shi, littafin shirin darasinsa kuma ya cika.

Don haka muna roƙon hedimastoci da shugabannin ofisoshi, in ma'aikacin da aka san shi da ƙwazo ya canza farat ɗaya, a kira shi a keɓe a tambaye shi lafiya kafin a ɗauki alƙalami. Masu tsara canjin wurin aiki su duba, kada a ɗaga wanda bai daɗe da binne nasa ba sai in ya zama dole. Kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu alamun nan, gama malami ne zai fara ganinsu ga yara da abokan aiki. Kowa kuma ya tuna da wanda ya yi wa ta'aziyya wata uku da suka wuce, ya koma ya gaishe shi yanzu da gida ya yi shiru. In ka ga abin ya fi ƙarfin gaisuwa, ka gaya masa akwai masu wannan aiki, ka taimake shi ya same su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.